Baɗi, In Ji Selwyn Oddy

A Skelbeck, idan Asabar ɗin farko ta watan Mayu ta zo, ko ɓarawo ba ka samu a gari, don shi ma ya tafi Landan. Ranar ce ake wasan ƙarshe na kofin zari-ruga a filin Wembley, irin namu na mutum sha uku-sha uku, ba na 'ya'yan masu kuɗi da ke yin sha biyar ba. Ba ruwanmu da ko su wa za su kara. Tun da kaka ake zuba adashin tafiya a kulob ɗin ma'aikatan kwal, kowace Juma'a in an karɓi albashi. Ranar kuwa tun da sassafe ake cika jirgin ƙasa maƙil, maza da kwalaben giya a aljihu, mata da ƙunshin burodi da dafaffen ƙwai da filas ɗin shayi. Karnuka ake bari a gari, da tsofaffin da ƙafa ta ƙi. Sai kuma gidan ƙarshe a Layin Coci, inda hayaƙi yake tashi kamar kullum. Gidan Selwyn Oddy ke nan da matarsa Mavis.

Selwyn ɗan gari ne, ɗan mahaƙin kwal, jikan mahaƙin kwal. Yana da shekara sha biyar ya bi ubansa cikin rami, yana da sha tara ƙungiyar gari ta ɗauke shi. Daga nan rayuwarsa ta rabu biyu: Litinin zuwa Juma'a yana ƙarƙashin ƙasa, Asabar yana cikin taɓo. Ɗan gaba ne, cikin ukun nan da ke haɗa kai da na abokan karawa a yi ta turereniya. Ba shi da gudu, ba shi da salo, amma in ya rungumi ƙwallo ya sunkuyar da kai, sai ƙarti uku sun taru kafin su kai shi ƙasa. Hancinsa ya sha karaya har ya daina sanin inda ya dosa. Mutum ne mai kirki, wannan ba mai musu. Taurin kai ne kawai Allah ya zuba masa ba da mudu ba.

'Yan wasa suna da wata al'ada a tsakaninsu. Ɗan wasa ba ya shiga Wembley ta ƙofar 'yan kallo sai ya fara shiga ta ƙofar 'yan wasa. Wai in ka je ka zauna kana kallon wasu, ka yarda ke nan kai ɗan kallo ne, filin kuma ba zai taɓa kiranka ba. Yawancinsu sukan riƙe abin shekara uku ko huɗu, in suka ga ba alamar nasara sai su bi jirgi su sha giyarsu kamar kowa. Selwyn ya riƙe shi kamar addini. Da a kansa kaɗai ya tsaya, da ba wanda zai ce uffan. Sai ya jawo 'yar mutane ciki.

Mavis Lumb tana aiki a masaƙar ulu lokacin da ya fara nemanta. Iyakar tafiyarta a duniya bakin teku ne a Bridlington, don ubanta ba ya barin 'yan mata su bi jirgin Wembley sai sun yi aure. Yayarta Freda ta yi aure ta je ta dawo da labari, ita kuma tana ɗokin nata lokacin. Ranar da Selwyn ya yi mata maganar aure, a ƙofar shagon soyayyen kifi da dankali, takardar kifin na hannunsa, sai ya ƙara da abin da ba wanda ya tambaye shi.

"Ke, kar ki sa sunanki a adashin nan. Ni zan kai ki Landan da kaina. Za ki zauna inda matan 'yan wasa suke zama, ki ga mijinki ya fito."

"Yaushe ke nan?"

"Baɗi."

Ta yarda, don a lokacin wa zai kalli ƙirjin Selwyn ya ƙi yarda? Bayan biki ta je Leeds ta sayo wani koren kwat mai manyan maɓallai, irin wanda ba a sa shi zuwa kasuwa. Ta rataye shi a kabad, ta zuba masa kafur a aljihu, ta ce sai Landan.

A 1965 saura ƙiris. Skelbeck ta kai wasan kusa da na ƙarshe, abin da ko tsofaffi ba su taɓa gani ba. An sha ruwan sama tun safe, fili ya zama kunu, ba ka bambance rigar wannan da ta wancan. Har kusan tashi mu ne a gaba. Sai wani siririn ɗan gefe na ɗaya ƙungiyar ya tsinci ƙwallon da ya suɓuce, ya zura da gudu, ya dire shi bayan layi, ya ci maki, aka fitar da mu. Selwyn ne na ƙarshe da ya bi shi, ya kai hannu ya damƙo iska. Da ya dawo gida ido a kumbure, Mavis ta haɗa masa ruwan zafi ta gasa masa fuska. Shi ne ya fara magana. Ya ce baɗi.

Baɗin ta zo aka cire su tun zagayen farko. Wadda ta biyo ta ma haka. Tun ana faɗa a bayan idonsa har aka koma faɗa a gabansa, sunansa ya zama Baɗi. In ya kama ƙwallo sai ka ji 'yan kallo sun ɗauka: Baɗi, Baɗi! Shi kuwa har daɗi yake ji, ya ɗauka kirari ne.

Ranar tafiya, shi yakan wuce ɗan lambunsa na bayan layin dogo da rediyo a aljihu, ita kuma ta yi guga. Washegari Lahadi Freda takan shigo da tsaraba: faranti mai hoton gada, ko ƙaramin cokali, ko gwangwanin alewa mai hoton jar mota. A hankali kantar falon Mavis ta cika da Landan, ita da ba ta taɓa taka ta ba. Freda takan zauna ta yi ta mitar mijinta Granville, wanda shi ne ma mai riƙe da adashin, wai kowace shekara sai ya sha ya yi tatul, a hanyar dawowa ya kwantar da ƙaton kansa a kafaɗarta yana minshari yana zubar mata da yawu a riga. Mavis takan yi dariya har da hawaye, ta ce a sake ba ta. Ba ta taɓa tambayar wa ya ci ba. Tambayarta kullum a kan jirgi take: wa ya zauna kusa da wa, wace waƙa aka yi, a ina aka buɗe ƙunshin burodi. Selwyn yana jinsu daga kicin, ya ɗauka surutun mata ne.

A yi masa adalci, bai taɓa cewa ya hana ta ba. In Freda ta matsa, yakan ce ga ta nan ai, ƙafarta ba a ɗaure take ba. Amma akwai yadda yake faɗa yana kallon bango, Mavis kuwa ta fi kowa iya karanta ƙeyar mijinta. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne rak, kuma ta san in ta shiga jirgin nan ta gaya wa gari ke nan cewa ita ma ta fid da rai. Sai ta ce wa yayarta ta bari, ta yi alkawari da Sel.

Gwiwarsa ta hagu ta gama aiki yana da shekara talatin da huɗu. Kowa ya ce to madalla, al'ada ta saki Baɗi, Mavis za ta sha iska. Granville har ya zo gida da kansa yana cewa a ba shi sunaye biyu. Selwyn ya ce ya dakata tukuna. Ai koci ma ta ƙofar 'yan wasa yake shiga, shi ne ma a gaba, sanye da kwat, yaransa na biye. Granville ya ce, "Mutumina, kai ko jaki albarka." Ya sha shayinsa ya tafi.

Abin haushin shi ne ya iya aikin. Ya fara da 'yan benci, bayan 'yan shekaru aka ba shi babbar ƙungiya tana can ƙasan rukuni na biyu, ya ɗago ta. Ranar Talata da Alhamis, bayan an tashi daga aiki, yakan kora su su hau tudun dattin kwal da gudu su sauko, su sake hawa, har sai wani ya yi amai. Ba ya ihu. In ɗan wasa ya kauce wa karo, ba ya zaginsa gaban mutane, sai ya bari an watse ya ce masa ya zo su taka zuwa tashar bas. Ba wanda ya san abin da yake gaya musu a wannan 'yar tafiya, amma Asabar mai zuwa sai ka ga yaro yana shiga ƙafafun ƙarti kamar an biya shi. Yakan gane mai jin tsoro tun daga yadda yake ɗaura igiyar takalmi. Mutumin da ke karanta cikin samari goma sha uku ta bayan riga, ya kasa karanta mace ɗaya da yake shan shayi da ita kowace safiya.

Sai yajin aikin mahaƙan kwal na 1984 ya zo, shekara guda cur ba albashi. Matan gari suka buɗe kicin a zauren kulob suna ciyar da iyalai, Mavis ce kan tukunyar miya. Da bazara aka ce matan mahaƙa na ko'ina za su haɗu a Landan su yi zanga-zanga. Mavis ce ta ɗinka tutar Skelbeck da kekenta, ta yi mako biyu a kanta, matan kuma suka ce ita za ta riƙe ta. Ta same shi a bayan gida yana kankare taɓo daga takalman wasa.

"Sel, mata za su Landan ranar Asabar. Wannan fa ba Wembley ba ne."

"Na hana ki ne? Ki je mana." Ya ci gaba da kankara. Da ya yi shiru daga nan, da an wuce wurin. Sai ya ce, "Ni dai na ɗauka tare za mu fara ganinta. Yaran nan da na haɗa bana, Mav, wallahi baɗi."

Ranar Asabar Freda ce ta riƙe tutar. Da ta dawo ba ta kawo tsaraba ba. Ta wuce kai tsaye lambu ta same shi, ta wanke shi tas, har masu lambun maƙwabta suka ajiye fartanya suna saurare. Ya ce, Yaya, ai ban hana ta ba. Ta ce ta sani. Ta ce, "Kai ba mugu ba ne, Sel, shi ne abin takaicin. Da mugu ne kai, da tuni ta rabu da kai ta huta."

Yaran nan kuwa sun kusa fitar da shi kunya. A 1987 suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Mavis ta sauko da koren kwat, ta farke ɗinkin gefe ta ƙara masa faɗi, don jikin 'yar masaƙa ya daɗe da tafiya. Ta shanya shi a inuwa ƙanshin kafur ya fita. Ana dab da tashi, ana binmu maki ɗaya, alƙalin wasa ya ba mu bugu a wuri mai kyau. Ƙwallo ya tashi, rabin Skelbeck ya riga ya fara tsalle, sai ya daki ƙarfe ya dawo. Kowa ya ga yadda Selwyn ya shiga fili ya ɗago yaron da ya yi bugun daga ƙasa, ya rungume shi, ya raka shi har ɗakin canza kaya yana yi masa magana a kunne. An daɗe ana yabonsa a kan wannan. Abin da ya ce wa Mavis da ya koma gida, ba sai an faɗa ba.

Bayan shekara biyu ƙungiya ta sallame shi, kamar yadda ake sallamar kowane koci. Ramin kwal ma aka rufe shi. Ya samu aikin kula da ginin wata firamare, yana share ganye yana gyara famfo. Yanzu kam ba sauran ƙofar da zai shiga sai ta kowa da kowa, shi ma ya sani. Ba al'ada ce ta riƙe shi ba kuma, kunya ce. Yana ganin in ya bi ayarin Wembley, duk gari za su juyo su kalle shi su ce Baɗi ya sauko. Saboda wannan kallon da yake hange, Mavis ta ƙara shekara bakwai tana guga ranar tafiya.

Wata rana da kaka ya dawo daga aiki ya ga buhun tsofaffin kaya a bakin ƙofa, na gwanjon coci. Hannun koren kwat yana leƙowa daga sama. Ya tambaya, ta amsa daga kicin ba ta ko juyo ba, ta ce ya daina shigarta, gara wata ta mora. Ba fushi a muryarta, ba gori. Wannan ne ya tsorata shi. Ya zaro kwat ɗin ya mayar kabad, ya ɗauki hularsa ya nufi kulob, ya tsaya gaban teburin Granville ya ce a sa sunaye biyu. Granville ya cire tabarau ya ce ya maimaita, kunnensa ya fara nauyi. Selwyn ya maimaita. Amma da yake hali ba ya barin mai shi, sai ya ce kar a gaya wa kowa, ko Freda. Yana so sai ana gobe tafiya ya ajiye mata tikiti kusa da kofin shayi ya ga fuskarta. Ko a nan ma, nasa fitowar yake shiryawa.

Bayan Kirsimeti Mavis ta fara ramewa, abinci ya ƙi zama. Kafin a gane ciwon daji ne, ya riga ya yi nisa. A watan Maris tana kwance a asibiti, wata la'asar da ya ga ta ɗan samu ƙarfi, ya jawo kujera ya gaya mata. Ya ce an sa sunansu, su biyu, bana ba baɗi ba.

Ta dube shi ta daɗe, sannan ta yi 'yar dariya. "Ka ga kuwa yanzu kwat ɗin zai shige ni."

Ya ce ta yafe masa, bai kai ta inda matan 'yan wasa suke zama ba. Ya ce sau biyu yana kawowa bakin ƙofa.

"Kai Sel. Ni ina ruwana da inda matan 'yan wasa suke zama? Ko da kun kai, ai ba tare za mu tafi ba. Ku tun Alhamis za ku wuce a motarku, ni in biyo baya da matan mutane."

Bai taɓa tunanin wannan ba. Shi da ya san tsarin tafiyar nan kamar tafin hannunsa, bai taɓa tunaninsa ba ko sau ɗaya.

"To me kike so?"

"Jirgin. In ƙunsa mana burodi, mu zauna kujera ɗaya, a yi waƙa. A hanyar dawowa ka yi barci a kafaɗata ka ɓata mini riga, washegari in je in yi wa Yaya mita." Ta lumshe ido. "Shi ke nan fa."

Ya ce me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce ta ga abin nasa ya fi nata girma.

Ba ta ga ƙarshen watan ba. Freda ce ta shirya ta, ita ce kuma ta buɗe kabad ba tare da ta nemi izinin kowa ba. A cikin koren kwat aka binne Mavis, ya kuma zauna mata daidai. Ranar ce kwat ɗin ya fara fita daga Layin Coci. A coci tsofaffin 'yan wasansa suka cika layuka uku, ƙarti masu karyayyun hanci, duk suka zo suna riƙe hannunsa suna cewa Oga, sai haƙuri. Ba wanda ya kira shi Baɗi, kuma daga ranar ba a sake ba.

Granville ya ce zai mayar masa da zubinsa, ya ƙi. Da Mayu ta zo ya fito da sassafe, da ƙunshin burodin da ya yanka da kansa, karkatacce. An daɗe da daina jirgi, bas ake ɗauka yanzu. Ya hau yana jiran kallon nan da ya yi shekaru yana gudu. Wata mata ta janye jakarta don ya wuce, wani ya ce masa ina kwana, shi ke nan. Kowa yana ta kansa, ana neman inda za a sa kwalabe. Ya zauna ta gefen hanya ya bar kujerar taga. Aka yi waƙa, aka buɗe burodi tun ba a yi nisa ba. A kujerar gabansa Freda tana yi wa Granville faɗa a kan ya sha a hankali, ita ba za ta ɗauki kan kowa ba yau.

A Wembley ya bi layi da gurguwar gwiwarsa, cikin dubban mutane masu riguna kala-kala. Da ya iso sai ya tsaya yana kallon ƙofar. Wani ɗan ƙarfe ne mai juyawa, fentinsa duk ya goge, ko ƙugunsa bai wuce ba. Na bayansa ya ce, Baba, a motsa mana. Ya sa hannu a aljihu ya miƙa abin da ya zaro, bai lura tikiti biyun ya haɗa ba.

Mai karɓar tikiti ya duba, ya leƙa bayansa. "Baba, biyu ka ba ni. Ina mai ɗayan, tana tafe ne?"

"A'a," in ji Selwyn. "Ita tun tuni ta shirya. Ni na makara."

Mutumin ya yaga ɗaya ya mayar masa da ɗayan. Selwyn ya tura ƙarfen, ya juya ba wuya, ya shiga.